Goggo da Filin Aro

Ranar Talata da hantsi Goggo ta cika. Kafin a kira azahar gidanmu na Kachalla Sembe ya kasa ɗaukar mutane, sai da maƙwabta suka buɗe nasu ƙofofin aka shimfiɗa tabarmi. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yayar mahaifina ce, ita ta goye shi yana jariri, ita kuma ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida har ta kai ni ɗakin miji. Biyu ta haifa, duk suka koma tun suna goye.

Baba bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, kowa ya ce masa ya haƙuri sai ya ce da godiya, idonsa a ƙasa. Danginmu na wajen Iware suka zo cike da mota suna ta "Allah hokku munyal", Allah ya ba da haƙuri ke nan da Fulatancinmu, suka yi kukansu suka share ido, suka kama aikin girki. Wadda kukanta ya tayar min da hankali ita ce aminiyar Goggo, wata dattijuwa Bamumuyiya Kirista da duk muke kira Mama. A kasuwa labari ya same ta. Ta taho da tiren kayan miya a ka, ta dire shi a bakin ƙofa ba ta sake waiwayarsa ba, awakin unguwa suka cinye alayyafon tas. Aka ba ta kujera ta ƙi. Ta zube a ƙasa a bakin ɗakin da aka yi wa Goggo wanka tana dukan cinyarta, tana faɗi da Hausarta da ba ta raba mace da namiji:

"Ya tafi ya bar ni. Wa zai yi mini faɗa yanzu? Wa zai ce mini ragguwa?"

Matan da suka yi lambu tare da Goggo suka kewaye ta, masu hijabi da masu ɗankwalin coci, ba wadda ta ce mata ta yi shiru.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ya gagare ni haɗiyewa ya zo ne ranar sadakar uku. Wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke buhun shinkafa da jarkar mai, sai ga ɗan mai filin da Goggo ta yi lambu a kansa, cikin farar shadda, turarensa ya riga shi shigowa. Ya gaisa da maza, ya ce lallai sai ya shiga ya gai da mata. Ya tsaya a tsakar gidanmu ya dafa ƙirji.

"Uwa muka rasa," in ji shi. "Wallahi uwa ce a gare mu duka."

Mama ta miƙe tsaye. Ta nuna shi da yatsa har ya kusa taɓa hancinsa.

"Kai ne ka kashe shi. Ka zo ka ga ko ya mutu da kyau?"

Baba ya shigo da sauri. "Haba Mama, gidan makoki ne, ba kotu ba. Ki yi haƙuri, Alhaji kai ma ka yi haƙuri."

Aka ba shi haƙuri. Shi aka ba haƙuri, a gidan Goggo. Aka dafa shinkafarsa aka raba wa jama'a sadaka. Matan lambu ba wadda ta kai loma baki, ni ma ban ci ba.

Bai daɗe da fita ba wata ma'aikaciyar ƙungiyar nan da ta taɓa kawo musu injin ban ruwa ta iso. Ta rungume ni, ta ce ko ina da hoton Goggo mai kyau, suna so su sa a shafinsu su yi mata addu'a. Na ce mata hotunan Goggo da ke wayarta sun fi na gidan nan yawa, ta zaɓa a ciki. Ta yi murmushi, ta ɗauka zafin rashi ne.

Tun da Baba ya ce gidan makoki ba kotu ba ne, na bar shi a haka. Amma takarda ba gidan makoki ba ce. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada buhun shinkafa ɗaya ya rufe abin da aka yi wa matar nan.

Lokacin da mijin Goggo ya rasu, Baba ya ce ta dawo gidansa ta zauna, zai ci da ita. Ta dawo, amma zaman ne ta ƙi. Akwai wani dattijo mai fadama a bakin kogi, wadda yake shuka shinkafa da damina, da rani kuma ya bar ta awaki na kiwo. Goggo ta je ta durƙusa ta roƙe shi aron wurin. Yadda ta ba ni labari, tsohon bai ko ja magana ba.

"Ki noma," ya ce mata. "Ƙasa ba ta son zaman banza. In kin tsinki na fari ki kawo wa iyalina na miya."

Iyakar yarjejeniyar ke nan. Kowane rani kwandon farko na gidansa ne, Goggo da kanta take kai wa. Takan ce bakin mutumin kirki ya fi tambarin hukuma ƙarfi.

Ita kaɗai ta fara, da fartanya da bokiti biyu. Mama ce ta biyu. Ta zo sayen yakuwa, Goggo ta dube ta ta ce, "Ke da hannuwa irin waɗannan kike sayen ganye? Ga wuri can, ja komi ki shuka naki." Daga nan mata suka yi ta zuwa, zawarawa, matan da mazansu suka tafi nema ba su aiko ba, matan leburori, Fulani da Mumuye da Jukun da Hausawa, har suka haura talatin. Ba rajista, ba shugaba da sakatare. Abin da Goggo ta faɗa shi ne doka, dokokin ma ba su da yawa. Ranar Juma'a Kiristoci su ba komayen Musulmi ruwa, ranar Lahadi Musulmi su rama. Wadda ta kwanta ciwo ko ta haihu, ba a bari shukarta ta bushe. Wadda ta taɓa tumatirin wata ba izini, ta tattara bokitinta.

Ba ta taka komi da takalmi, ba ta kuma bari a taka. Iri kuwa a tsofaffin gwangwanayen madara take ajiye shi a ƙarƙashin gadonta, kowanne ta san abin da ke ciki daga ƙarar da yake yi in ta girgiza. In rai ya ɓaci da Hausa take fara faɗa, in ya ƙara ɓaci ta koma Fulatanci, in ya kai maƙura ta aro zagin Mumuye daga bakin Mama ta jefi Mama da shi.

Kada wanda bai san ta ba ya zaci waliyiya nake ba shi labari. Goggo tana da zuciya, tana da taurin kai kamar na jakin da ya ga ruwa. Akwai wata bishiyar gwanda da ta fito a kan iyakar kominta da na Mama. Goggo ta ce ita ta jefa irin, Mama ta ce tsuntsu ne ya kawo, don haka ta kowa ce. Da gwandar ta fara nuna Mama ta tsinki biyu ta kai wa jikokinta. Goggo ta ɗauko adda ta sare bishiyar a gaban kowa, da 'ya'yanta a jiki. Damina guda cur ba su yi magana ba. Suna haɗuwa a kasuwa kowa ta kau da kai. Ni nake kai saƙo tsakaninsu in ya zama dole, kowa kuma sai ta ƙara min da abin da ba zan iya faɗa ba.

Da rani ya kama, Mama ta kwanta da ciwon ƙafa. Ba wanda ya gaya wa Goggo ta yi, amma kullum da sassafe sai ta ba komayen Mama ruwa kafin nata, tana yi tana ƙunƙuni. Ranar da Mama ta dawo tana ɗingishi ta tarar da kuɓewarta ta kai ƙugu, a kan iyakar kuma an dasa 'yan gwanda biyu.

"Ɗaya taki ɗaya tawa," in ji Goggo, ba ta ko ɗago kai ba. "In kika taɓa tawa sai na sare taki."

Haƙurin da ta bayar ke nan. Mama ta ce a duk zamansu ba ta taɓa samun wanda ya fi shi ba.

Wata shekara rikici ya tashi a ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin gari. Wata matashiyar mata da goyo ta riƙa zuwa bakin lambun tana zama, ba ta roƙo, ba ta magana, sai hawaye. An kashe mata miji, ita da abin da ke bayanta kawai suka tsira. Mata suna ba ta ganye, tana karɓa tana kuka. Kwana na uku Goggo ta je ta tsaya a kanta.

"Hawaye gishiri gare shi, ƙona shuka yake yi. Tashi ki ɗauki bokiti."

Na ji kunya a ranar, na ga kamar rashin tausayi ne. Ashe komi huɗu ta yanka daga nata, mafi kusa da ruwa, ta ba ta, da dashen albasa a ciki. Ta kuma karɓi goyon ta ɗaura a bayanta har matar ta gama ban ruwa. Da wannan albasar matar ta kama ɗaki a Yelwa. Tana cikin waɗanda suka ƙi cin shinkafar.

Haka aka yi ta tafiya sama da shekara ashirin, har tsohon mai fili ya rasu. Goggo ta yi masa kuka kamar uba. Bayan arba'in babban ɗansa, wanda yake aiki a wani gari can kudu, ya aiko a kira ta. Ta ce in raka ta, tunda ni ce na yi boko. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, na roƙi izinin awa guda na fito.

Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. "Goggo, ba korar ku zan yi ba. Amma zamani ya canja, yanzu komai sai da agirimen. Don kare ku ne ma, kada gobe wani cikin ƙannena ya tashi ya ce ku fita." Ya ce tunda matan ba su da rajista, mutum ɗaya za ta dangwala a madadin kowa.

Ya miƙo takarda shafi uku da Turanci, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Goggo ta miƙo min, ta kira ni 'yarta da Fulatanci. "Duba mana, ɓingel am."

A nan ne nawa laifin yake, ba zan ɓoye shi ba. Na karanta shafin farko, na ga an rubuta shekara biyar, na ga kwandon fari yana nan yadda yake. Ina duban agogo, ina kuma jin daɗin yadda mutumin yake ce min Malama. Na buɗa shafi na biyu da na uku na wuce da ido kamar mai duba jarida.

"Ba komai, Goggo. Shekara biyar ya ba ku."

"Ai Malama ta gani," in ji shi yana dariya. Ya buɗe mata tawada, ta dangwala.

Ba a jima ba 'yan ƙungiya suka gano lambun. Suka zo da mota mai tambari, suka ce abin da Goggo take yi abin koyi ne, suka ji daɗi da suka ji akwai takarda, don su sai masu takarda suke taimaka wa. Suka kafa allo a bakin hanya da sunansu manya-manya. Suka raba huluna. Suka kawo injin ban ruwa, suka ce sai an haƙa babbar rijiya a tsakiyar lambun saboda ƙarshen rani kogi yana ja da baya. Matan da kansu suka haƙa, mazan wasu suka taya su. Aka kai Goggo bita a otal, aka zaunar da ita a gaba, aka yi ta bayani a kan haɗin kai da inshora. Mama ta ce da aka ba da damar tambaya Goggo ta ɗaga hannu.

"Wannan rijiyar taku faɗi gare ta, ba ta da murfi. In wani abu ya faɗa ciki, wuyan wa?"

Aka yi mata tafi. Mai jawabin ya ce tambaya ce mai kyau, ana kan shirya maganar inshorar, kafin nan kuma, "Muna tare da ku, Goggo, duk abin da ya taso ku kira mu." Murfin bai zo ba, inshorar ba ta zo ba. Goggo ta sa aka kewaye rijiyar da lambun duka da shingen ƙaya, kowane wata ana ƙara sabuwa.

Rani na uku bayan takardar, ɗan mai fili ya fara sayar da yashin bakin kogi. Hanya mafi kusa ga tifofin ɗibar yashin ta gefen lambun take. Direbobi suka ture shingen suka yi hanya. Matan su gyara da safe, kafin la'asar an sake turewa. Sau uku Goggo tana zuwa gidansa, ana ce mata ya yi tafiya. Ta sa na kira shi a waya, ya ce zai yi wa direbobin magana.

Wata Lahadi da rana, Kiristoci suna coci, Musulmin da suka yi ban ruwa sun koma gida, wani makiyayi ya sauko da shanunsa shan ruwa. Wani bijimi ya hango kore ta gurbin da tifofi suka ture ya shige. Ya bi ta kan ƙayar da ke bakin rijiyar, ƙasa ta zabtare da shi. Kafin a tara mutane da igiya ya mutu a ciki, ba a ko samu sa masa wuƙa ba.

Kafin yamma samarin makiyaya sun taru a gefe guda da sanduna, samarin unguwa a ɗaya gefen. Duk wanda ya zauna a Taraba ya san yadda irin wannan take farawa da inda take ƙarewa. Mai unguwa ya yi ta maza ya raba su, ya ce gobe da safe kowa ya zo ƙofar gidansa.

Na kira ma'aikaciyar ƙungiyar. Ta ce ayyukansu na wannan yankin sun ƙare tun bara, amma za ta sanar da ofis. Na sake kira, ba a ɗauka ba. Allonsu yana nan a bakin hanya.

Ɗan mai fili bai zo zaman ba, lauya ya turo. Mama ta tashi ta faɗi maganar tifofi, mata suka shaida. Lauyan ya saurara har ta gama, ya zaro takarda ya buɗe shafi na biyu, ya karanta, ya fassara da Hausa tsaf: duk wata ɓarna, rauni ko asara da ta auku a filin, ko ta wace hanya, tana wuyan wadda ta dangwala, mai fili ba ruwansa. Kula da shinge ma a wuyanta yake. Ya ɗaga takardar ya nuna wa jama'a yatsan Goggo.

Ina zaune a bayanta. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta waiwayo ba.

Mai bijimin dattijo ne, ransa a ɓace, yana cewa shi bai san takarda ba, sansa ya sani. Goggo ta matsa gabansa ta yi masa magana da Fulatanci. Tana da saniya ɗaya a wajen danginmu na Iware, jikar saniyar da mahaifiyarta ta bar mata. Ba ta taɓa yarda a sayar ba, ko lokacin da aka yi mata aikin ido. Saniyar tana da ciki a lokacin. Ta ce masa ya je ya kwance ta.

Mama ta ce a'a, a bari mata su haɗa hannu. Goggo ta daka mata tsawa. "Su haɗa me? Kuɗin makarantar 'ya'yansu? Yatsana ne a takardar ko naki?"

Dattijon ya dubi Goggo. Ya ce ya san ba ita ta ture shingen ba, amma shi ma yana da 'ya'ya a bayansa da ba za su ji magana ba in ya koma hannu rabbana. Ya yi mata godiya da Fulatanci, ya ce, "Useko, Goggo." Samari suka watse. Ba a zubar da jinin kowa ba a unguwar nan, kuma saniyar Goggo ce ta saye shi. Ba wanda ya kafa allo a kan wannan.

Mun ɗauka an gama. Bayan sati biyu lauyan ya dawo da shafi na uku: in aka samu rikici a filin da ya kai gaban hukuma, mai fili yana da ikon soke yarjejeniyar da sanarwar wata guda. Sai daga baya muka ji cewa tuni an yi cinikin wurin da wani mai kuɗi, dalili kawai ake jira.

Tumatir ya yi 'ya'ya a lokacin, bai nuna ba. Albasa tana bukatar ƙarin sati shida a kan wa'adin. Goggo, wadda ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba bayan tsohon, ta je ta zauna a ƙofar gidan ɗansa tun safe har azahar. Da ya fito zai shiga mota ta durƙusa masa, yaron da ta sani tun yana yawo ba wando.

"Alhaji, ba don ni ba. Ka bar mu mu kwashe abin da muka shuka. Mahaifinka da yana raye..."

"Goggo, ba a hannuna yake ba yanzu. Doka ce." Ya rufe ƙofar mota.

Ranar da wata ya cika katafila ta iso da hantsi. Mata suka bazu cikin komaye suna tsinkar ɗanyen tumatir a zannuwansu, suna tumɓuke albasar da ba ta kai ba, katafila tana bin su a baya. Wasu suna kuka, wasu suna tsinuwa. Goggo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya har aka ture gwandojin nan biyu, waɗanda a lokacin sun fi ɗaki tsawo, sannan ta ɗauki fartanyarta ta juya. A hanya ta ce min, "Zanen aro ba ya rufe katara. Na sani, na manta ne."

Matan suka watse. Wasu suna wankau a gidajen ma'aikata, wasu suna fasa dutse. Mama tana saro kayan miya daga motocin da suke zuwa daga nesa, tana sayar da abin da da hannunta take shukawa. Filin kuwa an kewaye shi da katangar bulo, an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Har yau da nake rubutun nan ba a aza ko tubali ɗaya a ciki ba. Ciyawa ce ta fi katangar tsawo. Sati shida aka hana su, don ciyawa ta samu wurin fitowa.

Goggo ta koma zaman da ta ƙi tun farko. Takan fito da gwangwanayen irinta ta girgiza su ta mayar. Wata huɗu bayan haka ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne. Na yarda, rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na san abin da ya hau da jinin. A watannin da ta yi a kwance ba baƙar mota ko mai tambari da ta tsaya a ƙofarmu. Mama ce take zuwa kullum bayan kasuwa, ta juya ta, ta shafa mata mai, su yi faɗa a kan ko kunun ya yi tsami.

Duk wannan lokacin Goggo ba ta taɓa yi min maganar takardar ba. Shirun ya fi min duka ciwo. Sati guda kafin ta rasu, bayan la'asar, ina yanke mata farce, na kai kan babban yatsan nan na kasa ci gaba.

"Goggo, ranar nan ban karanta shafi na biyu da na uku ba. Na ce miki ba komai, alhali ban duba ba."

Maganarta ba ta fita sosai, sai na kai kunne. "Na sani."

"Kin sani?"

"Na ga idonki. Bai sauka ƙasa ba."

"To don me kika dangwala?"

Ta daɗe tana tattara numfashi. "Na ga nasa idon ma. Da na ƙi, a ranar zai kore mu. Yatsan nan ya samo wa mata rani uku." Ta motsa hannun hagu ta kama min kunne, kamar yadda take yi ina ƙarama, sai dai ba ƙarfi. "Amma ke, an biya miki makaranta da alayyafo. Kada ki ƙara ce wa wadda ba ta iya karatu ba ba komai."

Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun a ƙofar mai unguwa, in gama yanke farcen in daina jiƙa mata zane.

Ita ta yafe. Ni har yanzu ban iya ba, ban yafe wa kaina ba balle waɗancan. Malamai sun ce riƙo ba kyau, na ji, ina roƙon Allah ya sanyaya min. Ban kama sunan kowa ba a nan, amma in sun karanta za su gane kansu, kuma akwai ranar da za a karanta wa kowa tasa takardar, ba a tsallake shafi ba.

Allah ka jiƙan Goggo, ka yafe mata zafin zuciyarta da kaifin harshenta, ka sa ruwan da ta ɗauka a ka don shukar wasu ya zama sanyi a makwancinta. Ka ba ta lambu a wajenka, inda ba mai zuwa ya ce mata wata guda ya rage.